Tambayoyinku: Muryar dattijo ba kayan guruf ba ce

Tambaya: Ina bincike kan yadda manoma da makiyaya suke raba gona, burtali da mashaya a ƙauyukan gefen dajin Rugu. Na naɗi hira da dattawa da yawa, waya ta cika. In tura su guruf ɗin ajinmu na WhatsApp don ajiya? (Ɗaliba, Katsina)

Amsa: Haba Malama! Guruf ai kasuwa ce, ba rumbu ba. Dattijon da ya shimfiɗa miki tabarma a gindin kuka, ya ce gonar nan kakansa aro ya bayar ba sayarwa ba, har ya faɗi wanda ya nome burtali, da ke kaɗai ya yi magana, ba da 'yan ajinku ba. A wajen Safana da Batsari kuwa, kin fi ni sanin abin da murya ɗaya za ta jawo wa mai ita in ta fita.

Hotunan ma haka. In kyamararki tana haɗa wuri, kowane hoto na ɗauke da lambobin GPS na ƙofar gidan da kika tsaya, kuma in kika tura shi a matsayin fayil, tare suke tafiya. Shiga saitin kyamara ki kashe. Kada sunan mutum ya zama sunan fayil; ki ba kowa lamba, sunayen su zauna a littafi daban. Ni kwafi biyu nake yi kullum: ɗaya a kwamfuta mai makulli, ɗaya a filas cikin akwati. Makullin wayar taki kuma, wanda na tabbata shekarar haihuwarki ce, canza shi yau.

Tambaya: Zan iya auna iyakar gonar gadonmu da waya in kai wa dagaci? (Manomi, Daura)

Amsa: GPS na waya kan kauce da kusan mita 5 ko a sarari, ƙarƙashin itace ya fi haka. Malam, kunya nawa ta gero ke nan? Gambar da kakanku ya dasa ta fi wayarka gaskiya. In takardar mallaka kake so, tun dokar filaye ta 1978 hukuma ce ke bayarwa. Nemi safiyo.

Tambaya: Ƙauyen da nake cike fom ɗin tambayoyi babu sabis. (Ɗalibi, Mai'adua)

Amsa: Yi amfani da KoboCollect, manhajar waya ta cike fom ko babu sabis. Sauke fom ɗin tun kana gari, cike shi a ƙauye, in ka dawo ka tura. Caja dai kar ka manta.