Hukuncin Man Oud da Turarensa na Fesawa

Tambaya: Malam, ina zaune a Shari' Mansur a nan Makka. Na saba da man oud na shafawa, amma yanzu tola, wato ma'aunin da ake sayar da man da shi, ta yi tsada, sai na koma na fesawa. Wani abokina ya ce akwai alkohol a ciki, don haka sallata da shi ba ta inganta. Haka ne?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, sallarka ta inganta, ba sai ka rama komai ba.

Man oud ana tatso shi ne daga itacen da ya yi ƙaro bayan cuta ta kama shi, a ƙasashe irin su Indiya da Kambodiya da Indunisiya. Tsarkinsa babu saɓani, Muslim ma ya ruwaito cewa Ibn Umar yana turara itacen, yana cewa haka Annabi (SAW) yake yi. Na fesawa kuwa ƙamshin ne aka narkar a cikin alkohol domin ya tashi ya bazu, shi ya sa yake riga man gushewa.

Abokinka bai yi magana da ka ba. Alkohol shi ne abin da ke sa maye a cikin giya, kuma mazhabobi huɗu sun tafi a kan cewa giya najasa ce, saboda aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta kira ta "rijsun". Sai dai Rabi'a, malamin Imamu Malik, da Laisu bin Sa'ad da Muzani sun ce shanta haramun ne amma ita kanta ba najasa ba ce, kamar yadda Ƙurɗubi ya kawo. Wannan shi na fi natsuwa da shi. Ayar ta haɗa giya da caca da gumaka, kuma babu wanda ya ce in ka taɓa gunki sai ka wanke hannu kafin ka yi salla. Sannan Anas ya ce ranar da aka haramta giya an kwarara ta a titunan Madina, ba a kuwa umarci kowa ya wanke ƙafarsa ko tufarsa ba. Shaihu Ibn Usaimin ma haka ya rinjayar, ko da yake ya so a bar mai yawan alkohol in ba da buƙata ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya tsaya kan man, ya fita daga saɓani, amma kada ya ɓata sallar wasu.

Abin da ya fi damuna shi ne haramin umara ko hajji, domin mu mazauna Makka umara ba ta yi mana nisa. Da zarar ka ɗaura niyya, man da na fesawar duk haramun ne, a jiki ko a tufa. Wanda ya shafa da gangan fidiya ta hau kansa: azumin kwana 3, ko ciyar da miskinai 6, ko yanka akuya ko tunkiya. Kafin niyya kuwa mafi yawan malamai sun halatta shafawa a jiki, saboda Nana A'isha ta shafa wa Annabi (SAW) a hajjin bankwana. Malikawa sun hana wanda ƙamshinsa zai wanzu, kuma man oud yakan kwana a fata, sai a kula.

Mata masu zuwa Masallacin Harami su ma kada su sa ko ɗaya, hadisin Zainab matar Ibn Mas'ud ya hana mai zuwa masallaci taɓa turare.

Wallahu a'alam.