Tambaya da Amsa: Yadda Tsawon Bindiga Ke Sauya Matsayinta a Dokar Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce a Amurka, ƙasar da ta yi suna wajen sauƙin mallakar makamai, ana iya ɗaure mutum don kawai ya rage tsawon bindigar da ya saya bisa ƙa'ida. Ta yaya haka za ta kasance, alhali ƙaramar bindigar hannu, wadda ta fi ta gajarta, ba a hana mallakarta ba? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma rashin daidaiton da ka lura da shi yana da tushe a tarihi. Dokar da ke magana a kan wannan batu ita ce dokar makamai ta ƙasa ta 1934, wadda aka kafa a zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, bayan shekarun da gungun 'yan fasa-ƙwaurin barasa suka yi ta kashe juna a birane irin su Chicago. Dokar ba ta haramta makaman kai tsaye ba, sai dai ta wajabta yi musu rajista tare da biyan harajin dala 200, kuɗin da a lokacin ya zarce farashin yawancin bindigogi.

Ma'aunin da ake aiki da shi a yau shi ne, raifil, wato doguwar bindigar da ake dogarawa a kafaɗa, tana shiga rukunin masu buƙatar rajista idan bututunta bai kai inci 16 ba, ita kuwa bindigar farauta mai santsin bututu da ke watsa ƙwayoyin darma, iyakarta inci 18 ne. Haka nan duk makamin da aka samar ta hanyar gutsure ɗaya daga cikinsu, idan tsawonsa gaba ɗaya bai kai inci 26 ba, ya faɗa cikin rukunin. Da farko inci 18 ne iyakar raifil ma, sai a 1960 aka saukar da ita zuwa 16 ga kowace irin raifil.

Amsar tambayarka tana cikin daftarin farko na dokar, domin a cikinsa an haɗa har da ƙananan bindigogin hannu, kuma an sa iyakar tsawo ne don kada mutum ya kauce wa takunkumin ta hanyar yanke doguwar bindiga ta koma girman ƙarama, ya ɓoye ta a cikin riga. Kafin majalisa ta zartar da dokar, an cire bindigogin hannu saboda adawar da aka nuna, amma aka bar iyakar tsawon a wurinta. An tsige ƙofa ke nan, aka bar kwaɗon a rataye. Shi ya sa har gobe bindigar hannu mai bututun inci 4 take ta yau da kullum a idon doka, yayin da raifil mai inci 15 take buƙatar izini na musamman, ko da yake ta fi wahalar ɓoyewa nesa ba kusa ba. A ganina wannan ya isa ya nuna cewa rabe-raben ba haɗarin makami suke aunawa ba, siffarsa da asalinsa suke bi.

Hukumar ATF, mai kula da barasa, taba da makamai, tana auna bututu ne daga inda harsashi ke zama, bayan an rufe bindigar, zuwa bakinsa, kuma ba ta lissafa wani ƙarfe da aka ƙara a baki sai idan an manna shi dindindin, kamar ta hanyar walda. Ƙari ma yana sauya matsayi kamar yadda ragi ke yi: idan aka ɗaura wa bindigar hannu mai gajeren bututu gindin da ake dogarawa a kafaɗa, ta zama gajerar raifil nan take, idan kuma aka sa mata mariƙi na biyu a tsaye ta gaba, hukumar tana mayar da ita wani rukuni na daban wanda shi ma yake buƙatar rajista. Dole ne a samu amincewa kafin a taɓa komai, kuma hukuncin saɓawa yana iya kaiwa ɗaurin shekara 10.

Rigimar da ta fi ɗaukar hankali a 'yan shekarun nan ta shafi wani madauri da aka ƙirƙira don taimaka wa masu naƙasa su riƙe bindiga da hannu ɗaya. Da mutane suka fara dogara shi a kafaɗa, ATF ta fitar da ƙa'ida a watan Janairun 2023 da ta mayar da yawancin irin waɗannan bindigogi gajerun raifil, sai wata kotun tarayya a Texas ta soke ƙa'idar a 2024. Tun a 1939 Kotun Ƙoli ta goyi bayan dokar a shari'ar Miller, wadda ta taso daga gutsurarriyar bindigar farauta, kuma arangamar Ruby Ridge ta 1992 a jihar Idaho tsakanin jami'an tsaron tarayya da iyalan wani mutum, inda aka rasa rayuka uku, ta samo asali ne daga tuhumar sayar da irin waɗannan bindigogi.

Ba Amurka kaɗai ke amfani da ma'aunin tsawo ba. A Birtaniya laifi ne rage bututun bindigar farauta ƙasa da inci 24, kuma bayan kisan da aka yi a makarantar Dunblane a 1996 an haramta bindigogin da bututunsu bai kai santimita 30 ba, ko tsawonsu bai kai santimita 60 ba. Kanada ma ta haramta doguwar bindigar da aka yanke ta koma ƙasa da milimita 660.

A Amurka kuwa, dokar da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2025 ta soke harajin dala 200 a kan gajerun bindigogin daga farkon 2026, amma ba ta ɗauke sharaɗin rajista ba, kuma wasu jihohi suna da nasu dokokin da suka hana mallakarsu ko da mutum ya cika sharuɗɗan gwamnatin tarayya.