Dalilin da ya sa Wrexham ke buga gasar Ingila

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa Wrexham, ƙungiyar ƙwallon ƙafa da ke Wales, take buga gasar Ingila ba ta ƙasarta ba. Ai lokacin da ta shiga, Wales ba ta da gasar lig ta ƙasa. An kafa Wrexham a 1864, ita ce ƙungiya mafi daɗewa a Wales, ta kuma shiga lig ɗin Ingila a 1921. Lig ɗin Wales kuwa sai a 1992 aka kafa shi, lokacin Wrexham ta riga ta shekara 71 a can, sai ta yi zamanta. Haka ma Cardiff da Swansea. Cardiff har kofin FA ta ɗauka a 1927, bayan ta doke Arsenal.

Abin da na lura shekarun da nake bibiyarsu, maganar ta kuɗi ce da kusanci. Garin Wrexham yana dab da iyaka, zuwa Chester a Ingila ya fi musu sauƙi nesa ba kusa ba a kan sauka kudancin Wales, 'yan kallo da kuɗin talabijin ma suna ɓangaren Ingila. Sai dai kada ka ɗauka sun daina zama 'yan Wales. Kofin Wales sau 23 suka ɗauka, babu wadda ta kai su, kuma a filinsu na Racecourse Wales ta fara karɓar baƙuncin wasan ƙasa da ƙasa a 1877, da Scotland.