Tsohon kare ya daina cin abinci: buhun kanti ko girkin gida?

Tambaya daga wata mai karatu a Bukuru, jihar Filato: Ina da karen gadi, jinsin Jamus ɗin nan da ake ce wa Alsashan, shekararsa 11, tun yana ɗan kwikwiyo yake gidanmu. Wata biyu ke nan in na zuba masa busasshen abincinsa na buhu sai ya taho da sauri, ya sunsuna, ya ɗauki ƙwaya biyu ya zubar, ya koma ya kwanta. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, bakinsa kuma wari yake. Mai kanti ya nuna mini wani buhu na ƙasar waje, wai na tsofaffin karnuka ne, kuɗinsa ya ninka wanda na saba saya. In saya?

'Yar uwa, riƙe kuɗinki tukuna. Karen da ya taso da sauri ya nufi kwano yunwa yake ji, kuma abin da ya hana shi ci a bakinsa yake. Duk mai tsohon kare ya kamata ya iya bambanta iri biyu: akwai wanda ke son ci amma ya kasa, akwai wanda ransa ma ba ya biya. Na farkon yawanci haƙori ne, ko dasashi, ko ƙari a baki, ko wani guntun ƙashi da ya maƙale a ganɗa. Na biyun kuwa, wanda ko kallon kwanon ba ya yi, sai a fara zargin ƙoda, hanta, cutar kaska ko tsutsar ciki. Naki, da warin bakin da kika ambata, ya fi kama da na farko.

Karen da ya gama girma yana da haƙora 42, kuma babu mai goge masa su. Datti yakan taru ya daskare a gindin haƙori, dasashi ya kumbura ya ja baya, haƙori ya fara girgiɗi, wani lokaci har ruwa ya taru a ƙarƙashinsa. Kare ba ya kukan ciwon haƙori kamar mu. Abin da za ki gani shi ne yana tauna da gefe ɗaya, yana zubar da abinci, yana dalalar da miyau, ko yana kai ƙafa yana susar baki. Manyan jinsi irin naki tun suna shekara 7 ake lissafa su cikin tsofaffi, saboda haka mai shekara 11 ya daɗe da shiga sahun dattawa.

Kuɗin buhun nan ki kai shi wurin likitan dabbobi. Ke da kike Bukuru ma kin ci sa'a, Vom na bayan gidanki, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa take tun 1924, Jos kuma ba ta rasa likitoci. Ki nemi a duba bakin, a kuma ɗibi jini a gwada ƙoda da hanta, domin wanke haƙoran kare ko cire wanda ya ruɓe sai an yi masa allurar barci, kuma likita ba zai so ya kwantar da tsohon kare bai san halin da ƙodarsa take ba. Akwai ƙarin dalili: ciwon ƙoda shi ma yana kawo warin baki da gyambo a harshe. Kada cire haƙori ya tsorata ki. Kare ba mai yawan tauna ba ne dama, yagewa yake ya haɗiye, kuma da yawa daga cikinsu sai bayan an raba su da haƙorin da ke ciwo suke komawa ci sosai.

Bari in ɗan ratse saboda sauran masu karatu. Karen da lafiyarsa ƙalau, sai kwatsam ya kasa haɗiya, miyau na zuba, halinsa ya canza, ba a kuma yi masa allurar rigakafin haukan kare ba, kada wanda ya kuskura ya sa hannu a bakinsa wai yana neman ƙashin da ya maƙale. A killace shi a kira likita. Naki ba wannan ba ne, domin haukan kare in alamunsa suka bayyana da wuya dabba ta wuce kwana goma a raye, ke kuwa wata biyu kike faɗa.

To, buhun. Rubutun da ke cewa na tsofaffi ne ba ya ɗaure kamfani da komai. Ko a Amurka, inda yawancin waɗannan buhunan suke bin ma'aunin AAFCO, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin abincin dabbobi, ma'auni biyu ne kawai: na ƙanana masu girma da uwaye masu ciki ko shayarwa, da na manya. Babu na tsofaffi. Kowane kamfani abin da ya ga dama yake haɗawa ya liƙa sunan. Da yawa daga cikinsu an yi su ne domin tsohon karen Turai da ke kwance a falo yana ƙiba, sai aka rage masa mai aka ƙara harza. Ki ba karenki da ke ramewa irin wannan, kin biya kuɗi ninki ne ki ƙara ramar da shi. Kuma ƙwayarsa tauri gare ta kamar ta buhun da yake ƙi yanzu.

Wani zance da ya bazu shi ne wai a rage wa tsohon kare nama. In ƙodarsa lafiya take, wannan kuskure ne. Tsufa yana zaizaye tsoka, furotin ne kuma ke riƙe ta. In za ki sayi buhu, na waje ne ko na gida irin Binggo da ake yi nan Jos, ki juya bayansa ki karanta: a ce nama ko kaza ko kifi na cikin abubuwan da aka fara lissafawa, a ce an rubuta cikakken abinci ne, ki duba ranar lalacewa, ki tabbatar ba a farke shi ba. Wanda ake buɗewa a kanti ana aunawa da kwano ki bar musu. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan waje suke daɗewa a kan kanta, mai da ke cikin abincin kuma yakan yi tsami in ya sha zafi.

Abin da za ki fara yau, kafin ma ki ga likita, ba ya cin ko sisi. Ki zuba wa abincin da yake ci ruwan ɗumi, ki bari kamar minti 15 ya jiƙa, ki dama shi da cokali. In da romon kaza ko na nama da ba a sa wa albasa da gishiri ba, ya fi ruwa. Ɗumin yana da dalili: hancin kare ne ke buɗe masa ciki, tsufa kuma yana rage ƙarfin hancin, abinci mai ɗumi ya fi tashin ƙamshi. Zafin jikin kare yana wajen digiri 38 zuwa 39, to kada ɗumin abincin ya wuce haka, ki gwada da bayan hannu. Ki raba masa sau uku ko huɗu a yini maimakon tuli ɗaya. Abin da bai ci ba cikin rabin awa ki kwashe, jiƙaƙƙen abinci ba ya jure zafi da ƙudaje. In tsakar gidan tayil ne ki shimfiɗa buhu inda yake tsayawa, saboda jinsinsa suna fama da ciwon ƙugu, kuma karen da ƙafarsa ke zamewa ba zai daɗe a kan kwano ba.

Abincin gwangwani yana da laushi, karnuka kuma suna sonsa, sai dai kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na abin da ke ciki ruwa ne, na buhu kuwa wajen kashi 10. Kare mai kilo 30 sai ya tashi da gwangwanaye da yawa a rana kafin ya ƙoshi, aljihu ba zai ɗauka ba. Ki sayi ɗaya ki riƙa ɗibar cokali biyu uku kina cuɗawa da jiƙaƙƙen. Wanda aka buɗe kwana biyu zuwa uku yake yi a firji, in kuma wutar unguwarku ta gani-kashe-ni ce, ki sayi ƙaramin gwangwani. Duk sabon abincin da za ki kawo, ki shigar da shi sannu a hankali cikin mako guda, kina ƙara sabon kina rage tsohon, in ba haka ba zawo zai biyo baya.

Tambaya daga wani matashi a ƙasar Ningi, jihar Bauchi: Mahaifina mafarauci ne, yana da wata karya da ta kai shekara 10, ta daina fita daji. Haƙoranta sun zube, matasan karnukan suna ƙwace mata abinci. Dusa da ƙanzo da ragowar tuwo muke ba su, ba mu da halin abincin kanti. Baba ya ce ba zai yasar da ita ba. Me za mu dafa mata?

Allah Ya saka wa Baba da alheri. Karen bana shi ke maganin zomon bana, haka ne, amma na bara ma ya kawo nama gida, yana da haƙƙi. Ba ku buƙatar kanti ko kaɗan.

Na farko a ware ta. A ba ta nata a zaure ko bayan ɗaki, a tsaya har ta gama. Sau da yawa wannan kaɗai yakan dawo da jikin tsohuwar karya, domin ba rashin ci ke damunta ba, rashin samu ne. Dusa cika ciki take yi, ba ta gina jiki, ƙanzo kuma sai an jiƙa shi ya yi lugub. Tuwo mai laushi, shinkafar da ta dahu ta wuce, ko dankalin Hausa da aka murƙushe, duk suna yi, su zama kamar rabin kwanon. Wajen kashi ɗaya cikin uku ya zama abin da ya fito daga dabba: dafaffen ƙwai, kifin da aka tsince wa ƙaya, ko abin da mahauta ke sayarwa da araha irin huhu, tumbi da zuciya, a dafa a yayyanka ƙanana ko a daka a turmi. Hanta kaɗan, ba kullum ba. Sauran a cike da dafaffiyar kabewa, tana gyara bayan gida. Girkin gida yakan gaza wajen sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, to a wanke ɓawon ƙwai a shanya, a daka ya zama gari, a barbaɗa kamar rabin ƙaramin cokali a kan kowane rabin kilo na nama. Kindirmo cokali biyu ba laifi, ɗanyar madara kuwa tana sa yawancin manyan karnuka zawo.

Inda matsalar take shi ne miya. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma ɓarnar a hankali take taruwa, ba a gani sai jini ya ƙare. Ga dunƙule, ga gishiri, ga barkono. A roƙi Inna ta riƙa tsame nata kafin a zuba kayan miya. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza da na zabo, tsagewa yake ya yi tsini ya huda hanji, ga mai haƙora ma balle ita da za ta haɗiye shi ɗungurungum. Kayan cikin naman daji a dafa su, ɗanye yana ɗauke da tsutsa. Sai wanda mutane suka fi rainawa: masara, gyaɗa ko ƙuliƙulin da ya yi funfuna, a ce ai na kare ne. Gubar funfunar nan hanta take kamawa, dahuwa ba ta kashe ta, kare kuma yana cikin dabbobin da ba sa jure ta.

Abu biyu a sa ido a kai. A ɗaga leɓenta a duba dasashi: in ya yi fari fat ko ruwan ɗorawa maimakon ja-ja, ga kaska a kunne da tsakanin yatsu, cutar kaska ce ake zargi, kuma tana da magani a wurin ma'aikatan dabbobi. Na biyu, tsohuwar karya in ta daina ci 'yan makonni bayan lokacin barbararta, tana yawan shan ruwa, ciki ya kumbura ko ruwa mai wari na fita daga gabanta, mahaifa ce ta yi ruwa. Wannan ba na jira ba ne, a ɗauke ta a ranar.

Tambaya daga wani mai karatu a Kaduna: Likita ya ce karena yana da ciwon ƙoda, ya rubuta masa abinci na musamman mai tsada. Na saya ya ƙi ci. Dole ne sai shi?

Malam, nan ne wurin da tsadar take da dalili. Abincin karnuka masu ciwon ƙoda, irin su Hill's k/d da Royal Canin Renal, an rage musu sinadarin fosforos, wanda ƙodar da ta gaji ba ta iya tacewa, kuma rage shi yana jinkirta ciwon. Sai dai ciwon ƙoda yana sa tashin zuciya, kare kuma in ya haɗa wani abinci da tashin zuciya sai ya tsane shi. Ka koma wurin likitan ka nemi maganin tashin zuciya, ka jira ya farfaɗo, sannan ka sake gabatar da abincin da ɗumi, kaɗan kaɗan cikin wanda ya saba. In ya kafe, likitan ya tsara maka girkin gida a kan shinkafa da farin ƙwai, ban da ƙashi, busasshen kifi, hanta da nono. Ya ci abin da bai cika daidai ba ya fi ya kwana biyu da yunwa. Ruwa kuwa kada ya yanke a gabansa dare da rana, ko da kana ganin fitsarin ya yi yawa.

Tambaya daga Sabon Garin Zariya: Maƙwabcina ya ce in ba tsohon karena paracetamol saboda ciwon gaɓɓai, zai dawo da ci. Gaskiya ne?

Kada ka ba shi. Paracetamol in ya wuce ƙima yana lalata hantar kare da jininsa, ƙwaya ɗaya ta babban mutum kuma tana iya yi wa ƙaramin kare yawa. Ibuprofen da diclofenac sun fi muni, gyambon ciki da mutuwar ƙoda suke kawowa. Akwai maganin ciwon gaɓɓai da aka yi domin karnuka, ana bayarwa gwargwadon nauyi bayan an gwada ƙoda, kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, mota ɗaya ce daga inda kake. Ka kuma gaya wa yaran gida su daina jefa masa cakulan, inabi, cingam da guntun goro.