Amsa ga mai tambayar zuwa Al-Ula daga Madina

Wa alaikumus salam Yaya Hajiya, kin ce yara sun matsa a kai su Al-Ula da hutu, ko ya cancanci wahalar? Wallahi ya cancanta. Mu daga Madina muka tashi bayan asuba, wajen awa 4 a mota, ki bari sai lokacin sanyi don zafin can ba wasa.

Mada'in Salih, wurin tarihin da ke kusa da Al-Ula, sai da tikiti, ta intanet ake yanka, bas ɗin masu kula da wurin ke zagawa da mutane. Kaburbura sama da 100 Nabatiyawa suka sassaƙa a jikin dutse, mutanen da suka yi Petra ta Jodan, a 2008 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wurin a jerinta na wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Saudiyya. Amma ki sani nan ne ake cewa Hijr ta Samudawa, Annabi (SAW) da ya biyo a hanyar Tabuka rufe fuska ya yi ya ƙara sauri, shi ya sa wasu malamai ba sa son zuwa yawon buɗe ido, ki tambayi malaminki tukuna.

Ni dai tsohon garin Al-Ula ne ya fi taɓa min zuciya, gidajen ƙasa manne da juna, lungu ƙanana, kamar cikin birnin Kano, har babana ya tsaya yana shafa bango. Ki sayo dabino da lemu a gonakinsu.