Su waye suka taimaka wa bayi gudu a Amurka?

Malam, tambayarka ita ce su waye suka riƙa tserar da bayi daga jihohin kudu na ƙasar Amurka, kuma ta yaya. To ba ƙungiya ɗaya ba ce mai ofis da shugaba, mutane ne warwatse, wani ya ɓoye ka a gidansa, wani ya ɗauke ka a keken doki da daddare zuwa gida na gaba, haka dai har arewa. Harriet Tubman ita kanta baiwa ce, ta gudu daga Maryland a 1849, ta yi ta komawa tana fito da mutane, wajen 70, ba 300 da ake yawan faɗa ba. Akwai William Still a Philadelphia da ke rubuta sunayen masu gudun, sai Levi Coffin a Indiana da ke ɓoye su a gidansa.

Dokar 1850 ta kamo bayin da suka gudu ko da sun kai arewa ce ta dagula komai, wanda aka kama yana taimako tarar dala 1,000 da ɗaurin wata shida, shi ya sa masu gudun da yawa suka zarce Kanada. Kar ka ɗauka Turawa ne suka yi duk aikin, baƙaƙe 'yantattu sun fi shiga haɗari. In project kake rubutawa ka tuntuɓi malamin tarihi, alƙaluman intanet sun cika ƙari.