Na ɗauki Baba mai gangar noma a bidiyo amma 'yan kallo barci suke

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni daga wani ƙauye nake a wajen Ringim, akwai ƙanen kakana makaɗin gangar noma ne tun yana saurayi, yanzu ya tsufa kuma an daina gayya kamar da. Na ɗauke shi da wayata kusan awa uku, hira da kiɗa, na kunna wa abokaina a majalisa, wallahi ko minti goma ba a yi ba wani ya fara gyangyaɗi, wani ya koma kallon ƙwallo. Ina na kuskure?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari tukuna. Shata ya rasu 1999, Barmani Choge 2013, Ɗanmaraya Jos 2015, su dai an yi sa'a an naɗi waƙoƙinsu, amma makaɗin ƙauye in ya tafi da gangarsa shi ke nan.

Sai dai gaskiya abin da ke hannunka ajiya ce, bai zama fim ba tukuna. Awa ukun nan ka kwafe su a memori biyu kar ka goge komai, sannan ka tsamo minti sha biyar kacal.

Labarin kuwa ai kai da bakinka ka faɗe shi ba ka lura ba, an daina gayya. Ga mutum ga ganga, babu mai kiransa gona, maganin feshi da 'yan ƙwadago sun karɓe aikin, to wa zai gaji gangar? Wannan tambayar ce za ta zaunar da mutane, ba wai an haife shi a shekara kaza ya yi aure a shekara kaza ba. Ka koma ka ce Baba yaushe rabonka da gayya, sai ka yi shiru, kar ka cika shi da surutu ko da ya daɗe yana kallon ƙasa, shirun nan ma ka bar shi a fim ɗin. Ka tambaye shi wane manomi ne in ya ji takensa yake zabura kamar zai tsaga kunya, in yana raye ka kai Baba ƙofar gidansa ya kaɗa masa taken, kai kuma kyamararka na kan fuskar tsohon ba kan gangar ba.

Wajen editin kar ka buɗe da sallama da sunana wane. Ka fara da hannun Baba yana sauko da gangar daga inda take rataye, yana kaɗe ƙura, yana shanya ta a rana don fatar ta ɗame, sai bugun farko. A manhajar haɗa bidiyo irin CapCut ko KineMaster ana raba murya da hoto, to ka shimfiɗa muryarsa ka riƙa ɗora hoton garma da gero da hanyar gona a kai, kuma duk inda za ka canza hoto ka sa ya faɗo daidai kan bugun ganga, ido zai bi kunne ba tare da mai kallo ya san an yanka ba. Kiɗan ma ya riƙa shigowa sakan biyu kafin a ga makaɗin. Waƙa kuwa ba a datse ta a tsakiyar baiti, ka jira amshi ya sauka, guda ɗaya ka bari cikakkiya can wajen ƙarshe. Don Allah ban da fiyano a ƙarƙashi, ban da hoton nan mai juyawa yana walƙiya irin na bidiyon biki.

Ganga tana fasa muryar waya in ka matsa, ka ja baya taku huɗu ko biyar, ka guji iska da injin niƙa. In da zambo a waƙar ka nemi izinin Baba kafin ka ɗora a Facebook, ƙauye ne, jikokin wanda aka yi wa suna nan.

In ka gama ka sake kai wa 'yan majalisar nan, kai kar ka kalli fim ɗin, su za ka kalla, duk mintin da wani ya zaro waya ka rubuta shi ka koma ka rage wajen.